Babur ɗin Gado da Sunan Ɗan Tanimu

Ku gyara zama, ku ajiye hirar taki da ruwan sama tukuna. Ga wata magana da ta gagari mutanen gari guda, in an kai ƙarshenta ku ne za ku yanke hukunci. Amma kada wanda ya yi saurin buɗe baki kafin ya ji duka.

A can ƙetaren kogi akwai wani ƙauye da ake kira Tudun Marke. Da rani mota na shiga ranar kasuwa, amma da damina ta kankama sai hanya ta koma laka da kwazazzabai, kogi ya cika, har 'yan acaɓa su haƙura da garin. Abu ɗaya ne ke iya fita a irin wannan lokaci, wato wani tsohon babur mai dogayen ƙafafu da taya mai manyan haƙora, irin wanda malaman gona ke shiga daji da shi. Na wani malamin gona ne da ya yi ritaya a garin, ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku. Da aka zo rabon gado suka ce a raba gonaki da awaki, amma a bar musu babur yadda yake, domin babu wanda zai iya ganin baƙo a kan sirdin ubansu.

Babbansu Haladu shi ke kula da shi. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya turo shi ƙofar gida, ya goge sarƙa da tsumma da kananzir, ya ɗiga mata mai, ya danna ta da yatsa ya ji ko ta saki. Soson da ke tace iskar injin yakan ciro shi ya wanke, ya shanya a inuwa, ya shafa masa mai ya mayar. Fetur ba ya shiga tanki sai ya bi ta ƙyalle. 'Yan majalisar hira sun sa masa suna mai jego, wai har yau babur ɗin bai yi arba'in ba. Abin dariyar kuwa, Haladu bai iya tuƙi ba. In ya hau, mai jaki na iya wuce shi ya yi masa sannu. In kuma injin ya mutu masa a hanya, sai dai ya ɗora hannu a ka.

Na tsakiya Mamuda bakanike ne, ya yi shekaru a gareji a birni kafin ya dawo noman shinkafa. Kunnensa ne jarinsa: daga nesa in ya ji kukan inji zai faɗa maka abin da ke damunsa. Sai dai ƙyuya ta yi masa yawa a kan kulawa. Yakan ce wankin babur ba aikin bakanike ba ne, in ya mutu a kira shi. Kayan aikinsa ma rabinsu suna gidajen mutane, ya ba da aro ya manta wa ya ba.

Autansu Iliya, wanda kowa ke kira Ilu, shi ne mahayin. Bai san sifana ba, bai damu ya sani ba, amma in ya zauna a kan babur ɗin nan sai ka ce tare aka ƙera su. Ya san kowane rami da kowane dutse tsakanin Tudun Marke da babban gari. Kullum yakan dawo da shi shaƙe da laka, ya jingine ya shige gida, Haladu ya yi ta mita yana wankewa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wani mutum, Tanimu. Baƙo ne, noma ya kawo shi garin ya zauna, ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a nan kusa sai matarsa Hansai. Haihuwa biyu ta yi a baya, duka yaran suka koma. Na farin ma Tanimu ya sa masa sunan mahaifinsa marigayi, sunan ya bi yaron ƙasa. Saboda haka da ciki na uku ya tsufa, Tanimu bai ƙara yin barci mai daɗi ba. Yana ƙaunar Hansai ƙwarai, kuma yana tsoron abin da ya riga ya gani sau biyu.

Naƙuda ta zo da gardama, a daidai lokacin da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi ungozoma, Gwaggo Tabawa, ta fito zaure tana goge hannu da gefen zani. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce: "Tanimu, wannan ta fi ƙarfina. Yaron a gicciye yake. In kana son matarka, ka kai ta asibiti kafin rana ta faɗi."

Tanimu bai ɓata lokaci ba. Ya ruga maƙwabta ko takalmi babu. Haladu bai tambaye shi komai ba, fuskarsa kawai ya duba ya shiga ya turo babur, tanki cike. Ya naɗe bargo ya ɗaure a kan sirdi, ya ƙwala wa Ilu kira. Mamuda ba ya gida, tun da sassafe ya ƙetara gonar shinkafarsa kafin kogi ya ƙaru. Aka fito da Hansai aka zaunar da ita a tsakiya, Tanimu ya hau baya ya rungume ta, mata suka ɗaure su tare da zani. Ilu ya tsuguna ya rage wa tayoyin iska kaɗan don su kama laka, ya buga kik, suka tafi. Haladu ya tsaya a ƙofar gida yana kallo har suka sha kwana.

A al'adar garin, ba a shiga kogi da babur yana aiki. Kashe shi ake yi, masu fito su zura sanduna a ƙarƙashinsa su ɗauke shi a kafaɗa su ƙetarar. Amma ranar da suka iso mashigi ba kowa, domin ba wanda ya zaci wani zai yi tafiya a wannan ruwa. Kogi ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Tanimu ya kwance zani, ya saɓa Hansai a kafaɗa ya shiga, ruwa har ƙirjinsa, yana laluben ƙasa da ƙafa yana salati har ya fita. Ilu shi kaɗai ba zai iya ɗaukar babur ba, komawa gari neman mutane kuwa ɓata lokacin da ba su da shi ne. Sai ya hau sama kaɗan inda ya san akwai jerin duwatsu a ƙarƙashin ruwa, ya shiga a hankali. Saura ƙiris ya fita, ashe ambaliya ta kwashe yashin bakin gaɓa. Tayar gaba ta nutse, babur ya kwanta a kan dutse cikin ruwa, injin ya yi wani irin tari ya yi shiru.

Tanimu ya kwantar da Hansai a gindin wani ɓaure, ya koma suka jawo babur tudu. A lokacin nan ya fitar da rai. Ya dubi matarsa, leɓunanta sun yi fari, ko nishi ta daina yi da ƙarfi. Ya ce a ransa a nan zai rasa ta, a bakin kogi, nesa da gida nesa da asibiti.

Ilu ya taka kik ya ji ya ƙage kamar dutse. Ya ja da baya zai hau kan kik ɗin da duk nauyinsa, sai wata murya ta fito daga cikin shinkafa: "Ilu, sauke ƙafarka!" Mamuda ne, yana gudu yana faɗuwa a cikin taɓo. Daga can cikin gona ya ji tarin da injin ya yi, ya san ya sha ruwa. Ya ture ƙanensa gefe yana haki, ya ce masa ruwa ba ya matsuwa, in ya danne kik da ƙarfi ƙarfen cikin injin zai lanƙwashe, daga nan sai dai a ɗauki babur a amalanke.

Sai dai Mamuda ba shi da komai a hannu sai fartanya. Ya shafa aljihu ya yi tsaki. Can ya ɗaga sirdi, sai ga wata 'yar jakar fata da Haladu ya ɗaure a ƙarƙashi: sifanar fulogi, sukudireba, sabon fulogi a ƙulle cikin leda, da busasshen tsumma. Ya sa sifana, fulogin ya kwance ba gardama, domin an shafa wa zarensa giris, tsatsa ba ta kama shi ba. Ya rufe famfon mai, suka ɗaga babur ya tsaya a kan tayar baya, ruwa ya zubo ta salansa. Suka kifa shi tayoyi a sama, Mamuda ya riƙa danna kik da hannu, ruwa na feshi ta ramin fulogi har ya daina. Ya kwance 'yar ƙusar ƙasan kafireta ya tsiyaye ruwan da ke ciki, ya ciro soso ya matse, ya goge ko'ina da tsumma. Abin da ya fi tsoro shi ne baƙin mai, domin in ruwa ya gauraya da shi ya koma kamar koko, injin ba zai kai su ko'ina ba. Ya duba ya ga yana nan baƙi ƙirin. Ashe tun farkon damina Haladu ya janye 'yar robar da cikin injin ke numfashi da ita, wadda ke reto a ƙasa, ya ɗaure bakinta can sama a ƙarƙashin tanki. Mamuda ya girgiza kai ya ce Allah ya yi wa mai jego albarka.

Ya ɗaura sabon fulogi, ya taka kik, shiru. Ya sake, injin ya yi atishawa. Ya toshe bakin kafireta da tafin hannu ya ce Ilu ya taka, sai ga shi ya kama, farin hayaƙi na fita kamar an ɗora tukunya. Tanimu ya durƙusa a cikin laka yana hamdala.

Murnar ba ta daɗe ba. Ilu ya kai hannu zai kama kuloci ya ji wayam, faɗuwar da babur ya yi a kan dutse ta karya hannun tun daga gindi. Mamuda ya ce zai iya ɗaure shi da waya, amma zai ci lokaci. Ya waiwaya ya dubi Hansai, sannan ya dubi ƙanensa.

"Za ka iya ba kuloci?"

"In dai ban tsaya ba, Yaya."

Suka ɗora ta, Tanimu ya hau, Mamuda ya ɗaure su da zani ya tura su da gudu. Ilu ya taka giya, babur ya yi tsalle ya miƙe. Mamuda ya faɗi rub da ciki a cikin laka, ya ɗago kai yana sauraren injin har sautin ya ɓace masa.

Wanda bai taɓa tuƙi ba bai san abin da Ilu ya ɗauka ba. Babur ba kuloci, in ya tsaya injin ya mutu, kuma babu mai tura su a cikin dajin nan. Giya kuwa sai dai ya saurari injin, ya sassauta totur, wato ya rage wa injin mai, daidai lokacin, ya taka, in ya kuskure haƙoran ciki su tauna juna. Ga mutum uku a kan sirdi ɗaya, ɗaya rai a hannun Allah, ba ta son girgiza. Ilu ya matsa gaba har ya hau kan tanki don ya ba su wuri. A cikin laka ya bar tayar baya tana rawa ya bi ta da jiki. A hawan Kuraye, inda duwatsu ke birgima ƙarƙashin taya, ya zaɓi hanyarsa tun daga ƙasa ya hau a numfashi ɗaya. Garken shanu ya tare hanya, ya ratse ta gefen gonar dawa, wani kututture ya tsaga masa ƙwauri bai ko duba ba. Akwai wani kwazazzabo da aka gitta wa azara ta giginya, inda kowa ke sauka ya tura. Ilu ya bi ta kai a kan babur. Tanimu dai ya rufe ido, ya kifa fuska a wuyan matarsa, duk addu'ar da ta zo bakinsa yi yake.

Bayan la'asar suka shiga asibitin babban gari. Sai a bakin ƙofa Ilu ya kashe injin, ya tokare ƙafafu ya riƙe babur har ma'aikata suka ɗauke Hansai. Da aka ce ya sauka, sai da Tanimu ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, sun ƙage a kan hannun babur, wandonsa kuma ya jiƙe da jini.

Aka yi mata aiki. Ana kiran magariba wata malamar asibiti ta fito ta ce an samu namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Daga baya likita ya kira Tanimu gefe ya gaya masa cewa da sun ƙara jinkiri kaɗan da an rasa duka biyun. Ya kuma gaya masa mahaifar ta wahala, wannan ita ce haihuwar Hansai ta ƙarshe. Tanimu ya yi kuka, na farin ciki da na baƙin ciki a haɗe, bai ji kunyar kowa ba. Ya yi wa yaron kiran salla a kunne, amma bai raɗa masa suna ba.

Da kogi ya ja baya aka dawo da Hansai da jaririnta gida a hankali. Tanimu ya rasa da me zai gode. Ba shi da saniya, ba shi da gonar bayarwa. Babban abin da ya mallaka shi ne sunan ɗan nan guda da Allah ya bar masa. A masallaci, zuciyarsa cike, ya miƙe ya ce ya yi alkawari zai yi wa wanda ya zama sanadin tsirar iyalinsa takwara, daga cikin 'ya'yan malamin gonan nan uku. Jama'a suka ce madalla. Sai da ya fito yana neman takalminsa wani dattijo ya tambaye shi wanne daga ciki, nan ya gane ya yi saurin magana.

Gari ya rabu uku. Samari suka ce Ilu, domin shi ya sa ransa, shi ya zubar da jininsa, kuma babur lafiyayye a hannun wani ba zai wuce hawan Kuraye ba. Masu ja da su suka ce ai shi ya jefa babur a ruwa, kuma saura kaɗan ya kashe injin da ƙafarsa. Manoman fadama suka ce Mamuda, domin a bakin kogi tafiya ta riga ta mutu, shi ya tashe ta, kuma ba wani a garin da ya san a kifa babur a fitar da ruwa. Aka ce musu ko sifana bai zo da ita ba, da fartanya zai kwance fulogi? Dattawa suka ce Haladu, domin abin da ya ceci Hansai an fara shi ne shekaru kafin ranar, kowace safiya, ana yi masa dariya. Aka ce musu shi da ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba, kuma jakar fata ba ta kwance fulogi da kanta.

Tanimu ya bi su ɗaya-ɗaya ko zai samu sauƙi. Ya tarar da Ilu a kwance da ƙafa a naɗe. Ilu ya ce shi fa kunya yake ji, shi ya nutsar da babur, amma yana faɗa yana kallon bakin Tanimu. Mamuda ya yi dariyarsa mai ƙarfi ya ce ai magana a fili take, ba don shi ba da yanzu zaman makoki ake. Can kuma ya ce amma a gaskiya da babur ɗin wani ne, da bai iya komai ba. Haladu kuwa a ƙofar gida Tanimu ya same shi, yana ɗaura sabon hannun kuloci. Tun da aka dawo mutane ke tururuwa gaida ƙannensa, shi ba wanda ya ce masa sannu. Ya ce, "Ni ai ban je ko'ina ba, Tanimu." Ya ci gaba da aikinsa, sai dai ya daɗe yana juya ƙusa ɗaya da ta riga ta ɗauru.

Tanimu ya koma gida ya tambayi Hansai, tunda ita aka ɗauka. Tana shayar da yaron ta ce: "Malam, ni ban ga kowa ba a ranar. Kukan injin kawai nake ji, ina cewa a raina in ya ɗauke na tafi, in yana yi ina nan. Ka tambayi wanda ya san mai kukan."

Kada wani a cikinku ya ce a haɗa sunayen uku. An kawo wannan shawara, liman ya ce yaro suna ɗaya ake raɗa masa, ba kiran sunayen 'yan aji ake ba. Kada kuma a ce a sa sunan ubansu marigayi, shi ma an faɗa, liman ya ce alkawari a kan ɗaya cikin ukun aka yi shi, a cikin masallaci, gaban shaidu. Jiran wasu 'ya'yan kuwa, kun ji abin da likita ya faɗa.

Ranar suna ta zo, Tanimu bai yanke ba. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Mahauci ya kayar da rago ya ɗora wuƙa yana jira, maroƙi ya gyara murya, mata a cikin gida sun yi tsit suna saurare ta bayan katanga. Ga 'yan'uwan uku nan a jere a tabarma ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Tanimu ya dube su, ya san duk wanda ya kira, biyu za su koma gida da abu a zuciya, kuma ba ɗayansu da zai iya cewa bai cancanta ba. Liman ya gama addu'a, ya karkato kunnensa zuwa bakin Tanimu.

To, jama'a, ga kunnen liman nan yana jira. Wanda ya kula da babur tun ba a san ranar za ta zo ba, ko wanda ya tashe shi bayan ya mutu a bakin kogi, ko wanda ya kai su ba tare da ya tsaya ba: sunan wa Tanimu zai raɗa wa ɗansa?